Ranar da Muka Sace Matar Ba'are

Shekarun baya, lokacin ina jan wata tsohuwar mota kat-kat tsakanin Gure da Kelle, aka turo mana wani malamin lakwal, wato makarantar boko, daga can yamma, ya kama haya a gidan da ke jikin namu. Katanga ɗaya ce ta raba mu, ita ma gajeriya, in mahaifiyata ta taka turmi tana iya miƙa kwano. Ranar da ya sauka na je taya shi shigar da kaya. Ina ganin tsagen da ke kumatunsa, daga gefen baki har kunne, na dire katifar da na ɗauko na ce, "Ashe Ba'are ne! To ɗauki kayanka da kanka, ubangida ba ya yi wa bawansa dako."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, wanga gari ya lalace. Bayi na magana gaban iyayen gidansu!"

Shi ke nan, abota ta ƙullu tun kafin mu san sunan juna.

Ga wanda bai sani ba, mu Barebari da Arawa taubasai ne. Mu muna cewa ɗanmu ne ya ɓata hanya ya yi yamma ya haife su, su kuma suna da tasu ƙaryar da suke faɗa. Ka'idar ita ce, ka yi wa taubashinka ba'a son ranka, ka cire masa hula a kasuwa, ka shiga gidansa ka kama kaza ka fita, ba shi da ikon yin fushi. Wanda ya yi fushi da taubashi shi ne abin kunya, kuma tsofaffi suna cewa ba ya gamawa lafiya. Mahaifiyata ta riƙe wannan al'ada da hannu bibbiyu. Kafin wata ya ƙare ta kama kazar abokina ta yanka, ta kuma aika masa da ƙafafu da kai ta saman katanga, wai rabon bawa.

Sai ranar Lahadi ta farko na gane Kirista ne, da na ga shi da matarsa, wadda kowa a unguwa ke kira Madam, sun yi ado sun nufi 'yar majami'ar da ke bayan gari. Wallahi murna na yi, don na samu ƙarin abin tsokana. A lokacin ina da wani katin memwar a rediyon mota, cike da muƙabalar malamai da fastoci, fasinjoji na son sa sosai. Akwai guda da na saurara har na haddace, ina jin kaina wani shehi. Da la'asar, muna shan shayi a gindin bishiyar bedi ta ƙofar gida, na gyara murya.

"Ba'are, wai da gaske ne a littafinku an ce babu abin da ya gagari Allah?"

"Haka na," in ji shi.

"To yaya aka yi a wani wurin aka ce yana tare da wasu mutane, suka ci mutanen kan tudu da yaƙi, amma na kwari suka gagara, wai don suna da karusan ƙarfe? Wanne za mu kama, babu abin da ya gagara, ko ƙarfe ya gagara?"

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya nuna motata da ke tsaye da duwatsu a ƙarƙashin taya ya ce, "Babarbare ya koyi karatu, duniya ta zo ƙarshe! Irin wagga karusar ƙarfe taka, da rairayin Kelle ke kayar da ita kullum, ita ce za ta gagari Allah?"

Daga ranar sunan motata ya koma karusar ƙarfe, har a tasha. Ni kuma ban bar shi ya huta ba, duk shayi sai na tayar da maganar. Wani lokaci ya ce mutanen ne suka kasa, ba Allah ba, ni kuwa in yi ta dariya in ce wannan amsar ai faston da ke cikin katina ya ba da ita, kuma an kayar da shi. Haka muka yi ta yi, babu wanda ya taɓa jin zafin wani.

Abin da ban sani ba da farko shi ne, abokina da Madam sun zo Gure da ciwo a zuciya. Sau biyu tana ɗaukar ciki har ya tsufa, sau biyu ana fito da jariri babu rai. Mahaifiyata ce ta fara sani, don mata ba sa daɗewa ba su buɗe wa juna ciki ba. Da Madam ta samu na uku, tsohuwa ta mayar da ita 'yarta. Kunun kanwa ta saman katanga kullum safe, faɗa in ta gan ta da bokitin ruwa a kai. Da ciki ya tsufa, ungozomar gidan likita ta ce yadda jaririn ya kwanta, ga kuma abin da ya faru a baya, ba haihuwar gida ba ce, ba ma ta Gure ba ce. Ta ce a kai ta babban asibiti a Damagaram tun kafin naƙuda ta taso, don aikin tiyata za a yi mata. Na ce wa abokina karusar ƙarfe na nan, ya faɗi rana kawai.

Bai faɗi rana ba. Ya daina fitowa shayi. In na hange shi zai tafi lakwal sai in ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ashe azumi yake ta yi. Na yi masa ba'a ta saman katanga, ya amsa da murmushin da bai kai ido ba. Ranar da na ga ƙafafun Madam sun kumbura har takalmi ba ya shiga, na ce yau sai na ji dalili. Na iske shi zaune a zaure da rana tsaka, littafinsu a kan gwiwa.

"Ba'are, yaushe za mu tafi?"

"Ba mu zuwa."

Na zaci wasa ne, na jira ƙarshen barkwancin, bai zo ba. A hankali ya warware mini. Wani mai addu'a ne daga tsallaken iyaka, wanda wani ɗan'uwansa ya haɗa su ta wayar salula, ya ce masa 'ya'yan nan biyu rashin bangaskiyarsa ce ta kashe su. Ya nuna masa wani wuri a littafinsu inda aka ce Almasihu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya je garinsu amma bai iya yin manyan abubuwan al'ajabi a can ba, saboda mutanen garin ba su gaskata ba. Faston majami'arsu na nan Gure ya ce masa ya rabu da mutumin ya kai matarsa asibiti, amma maganar mai addu'ar ta riga ta shige shi.

"Ka gani," in ji shi, "in na kai ta ga wuƙa, na nuna ban yarda ba. In ban yarda ba, na ɗaure hannun da za ya cece ta. Sau biyu ina kai ta likita da ƙahwata, sau biyu ina haƙa rami. Kai da kanka ka hwaɗa akwai inda abu ya gagara. Na tahi na duba, na iske ba wuri guda ba ne."

Jama'a, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, har a hanyar Alakos ranar da birki ya tsinke mini. Sai ga ni, Musulmi ɗan Musulmi, da carbi a aljihu, na zauna ina kare littafin Kirista da iya ƙarfina. Na ce masa ai a maganar karusan nan mutanen ne suka ji tsoron ƙarfe suka kasa, ba Allah ba. Na kwaso duk abin da faston cikin katina ya faɗa, har da irin yadda yake ɗaga murya.

Ya dube ni ya ce, "Wagga amsar ce ka yi ma dariya har shayi ya sarƙe ka."

Na koma ta ɓangarenmu, na ce babu mahalukin da zai ɗaure hannun Allah, kuma Shi ya saukar da cuta Shi ya saukar da magani. Ya ce ya ji, amma wannan karatuna ne, shi a kan nasa za a tambaye shi. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce masa mahaukaci, kuma wannan karon ba da wasa ba. Bai yi fushi ba, bai kuma motsa ba. Na fito gumi ya jiƙa mini riga, shehin tasha ya sha ƙasa.

Da na shiga gida na iske Madam zaune a tabarmar mahaifiyata, ta miƙe ƙafafu, tana kuka marar sauti. Na ce mata ta tashi kawai in kai ta, mijinta ya yi ta zama da littafinsa. Ta girgiza kai.

"In na tafi da ƙafata aka samu matsala, zai ce ni na karya abin da ya ɗauka. In shi ya kai ni aka samu matsala, zai ce shi ya kashe na uku. Wallahi ba zai rayu ba, na san shi."

Mahaifiyata na tsinke zogale, ba ta ɗaga kai ba. Can ta ce, "Wato dai abin da ake nema shi ne wanda zai ɗauki laifin." Ta juya wajen Madam. "Ke, faɗa mini gaskiya tsakaninki da Allah. Kina son zuwa?"

"Ina so, Iya. Tsoro nake ji."

"To je ki kwanta." Sannan ta nuna ni da reshen zogale. "Kai kuma, mai surutun banza, gobe in rana ta fito ka kawo motarka ƙofar gida."

Na ce, "Iya, mutumin nan fa na yi masa magana har bakina ya bushe."

Ta ce, "Wa ya ce magana za a yi?"

Washegari ba ta yi sammako ba. Da gangan ta jira har unguwa ta cika, mata na layi a famfo, masu shago sun buɗe. Ta naɗa lafayarta ta zuwa biki, ta fito tana taku ɗaiɗai, ta faɗa gidan abokina ko sallama babu. Ina biye da ita. Daga tsakar gida ta ɗaga murya yadda na bakin famfo za su ji.

"Ina baiwar nan tawa? Fito! Ina da daka a Damagaram, babu mai yi mini."

Madam ta fito tana dafa bango. Abokina ya yi wuf ya tsaya a bakin zaure ya tare hanya, idanunsa sun yi ja.

"Iya, wagga ba maganar wasa ba ce."

"Wa ya ce maka wasa nake? Na kama kazarka, ka yi magana? Na ɗauke butarka sabuwa, ka yi magana? Tun kakanni ka taɓa jin Ba'are ya hana Babarbare kayansa? In kai za ka fara, bismilla, ga jama'a nan su shaida."

Mutane kuwa sun taru a ƙofa, wasu har sun fara dariya, don su a ganinsu wasan taubasai ne aka saba. Sai mahaifiyata ta matsa dab da shi ta rage murya, ni kaɗai da Madam muka ji.

"Ɗana, saurara. Ka ce ba za ka kai ta ba, kuma ba ka kai ta ba. Sace ta aka yi. In Ubangijinka ya tambaye ka, ka ce masa Barebari ne suka shigo har gida suka ɗauke ta, kai kuma ba ka da ikon yin fushi. Abin da ya biyo baya, a wuyana."

Ban san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba, ni dai na ji kamar ba zai ƙare ba. Sannan a hankali ya sauke hannunsa daga jikin ƙofa, ya ja gefe, ya sulale ya zauna a ƙasa. Mahaifiyata ta leƙa ɗaki, ta ga wata jaka a shirye a bayan ƙofa, ta sunkuce ta ta miƙo mini. Muka sa Madam a gaba, tsohuwa ta zauna kusa da ita. Har na tayar da mota, sai ta leƙo ta taga ta daka masa tsawa.

"Tashi! Wane irin namiji ne za a sace masa mata ya zauna? Ai bin sawun ɓarayi ake yi. Hau baya!"

Ya tashi ya hau bayan mota, inda nake ɗora awaki da buhunan gero, jama'a na ta shewa.

Ban taɓa jan mota da ladabi irin na ranar ba. Duk ramin da ke kan kwalta sai da na gaishe shi. Rediyo kuwa ban ko kalle ta ba. Muka wuce Gidimuni, muka wuce Mirya, ina leƙa madubi ina ganinsa ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, bakinsa na motsi. A gaba mahaifiyata na riƙe da hannun Madam tana nata salatin. Muka isa bayan azahar aka karɓe ta. Da suka duba ta suka ce ba za a jira ba, da safe za a shiga da ita.

Safiyar nan muna zaune a inuwar wata bishiya a harabar asibiti, shi da littafinsa a rufe a kan gwiwa, ni da carbina. Ni dai abin da nake faɗa wa Allah shi ne, tsohuwar nan ta ce a wuyanta, ya Allah kada ka ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. Rana ta ɗaga sosai kafin muka hango ta tana tahowa, lafaya ta zame daga kanta, fuskarta a ɗaure kamar kullum. Ta tsaya a kanmu ta ce, "To, na samu ƙarin baiwa. Mace ce, ga baki kamar na ubanta. Uwar ma lafiya lau."

Wani irin sanyi ya sauko mini tun daga ƙeya har tafin ƙafa, na ji kamar an sauke mini buhu daga kai. Abokina kuwa ya faɗi a gabanta ya kama ƙafafunta yana kuka kamar yaro. Ta bar shi ya ɗan yi, sannan ta ce, "Ya isa, kana ɓata mini lafaya da majina." Amma na ga ta juya tana share ido da gefen mayafi. Daga baya likitan ya ce da a gida naƙudar ta same ta, da labarin ya zama wani.

Bayan an yi suna an watse, shayi ya dawo gindin bedi. Wata la'asar sai ga abokina da littafinsa, ya sa yatsa a tsakiya.

"Babarbare, karusan nan naka na ƙarhe. Ka san shafi kaɗan gaba an sake gamuwa da su?"

Na ce ban sani ba.

"An gamu da su, kuma an watsa su, ko guda ba ta tsira ba. Ka san wa ya sa aka tahi yaƙin? Mace ce. Namijin na ta jan ƙahwa, ta ce mishi ya tashi." Ya kalli katangarmu, inda muke jin muryar mahaifiyata tana faɗa da akuya. "Katinka bai kai nan ba?"

Na ce katin ne ya cika, ba laifina ba ne.

Na tambaye shi ɗaya wurin fa, na garin da ba a gaskata ba. Ya ce faston majami'arsu ya zauna da shi a kai, ya nuna masa cewa ko a can ɗin an warkar da wasu marasa lafiya. Ya ce wani abu ya gane, wani abu har yanzu yana juya shi a rai, kuma ba zai yi mini ƙaryar ya gama fahimta ba. "Abu guda na sani," in ji shi, "hannun da ni zan iya ɗaurewa, wanga ba hannun Allah ba ne."

Ban bar addinina ba, bai bar nasa ba, kuma har gobe in mun haɗu sai na tayar masa da karusan ƙarfe, shi ma yana da nasa tambayoyin da yake jefo mini. Sai dai yanzu ina duban fuskar mutum kafin in buɗe baki, don tambayar da ake dariya da ita a wurin shayi, ita ce wani ke kwana da ita in yana cikin wuya. Na kuma gane cewa ranar nan abokina ba amsa ya rasa ba, amsoshi sun yi masa yawa ma. Wanda zai karɓe masa kayan ya rasa. Ni na je masa da hujja, tsohuwar da ba ta taɓa buɗe littafin kowa ba ta je masa da wuyanta. Duk lokacin da na tuna, sanyin nan na harabar asibiti nake sake ji.

An daɗe da mayar da su yamma. Bara na kai musu ziyara, yarinyar ta girma har tana kawo ruwa, ta dire mini kofi ta ce, "Sha, bawana." Muna hira aka dawo kan labarin, sai na ce wa Madam ai ita ma ta yi dabara, da ta shirya jaka a ɓoye ta ajiye a bayan ƙofa.

Ta ce, "Ni? Ina ni ina sunkuyawa a lokacin? Shi ya shirya ta. Kwanaki kafin ku zo ya ninke kayan jariri ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, yana ninkewa yana cewa ba mu zuwa ko'ina. Ya ajiye ta inda duk wanda ya leƙo zai gani."

Na juya na kalli abokina. Ya sunkuyar da kai yana ta fifita gawayin da ya riga ya kama.

"Mi kake kallo?" in ji shi. "Zuba shayi, bawa."

Na ɗauki buta na zuba.